Jak ɗina ya ƙi ɗaga mota, masu sani ku taimaka

Dan_Rikkos: Slm jama'ar gida. Don Allah bakanikai da duk wanda ya san harkar jak ina neman taimako. Ina da jak mai taya irin na kwance ɗin nan da ake ce ma kada, tan 3 aka rubuta a jikinshi, da shi nake canza taya da duba birkin Sienna ta a gida. Wani maƙwabcina ya ara, da ya dawo da shi na jingine shi a tsaye bayan ƙofa ban gwada ba sai yau da safe da zan cire tayar gaba. Ina bugawa yana tashi lafiya lau har ya taɓo motar, da ya ji nauyi sai ya tsaya cak, in yi ta bugawa ba abin da ke motsi. Ban ga mai ya zuba a ƙasa ba. Mene ne matsalar, kuma ana gyarawa ko in haƙura in nemi wani?

Sadiq_Gangare: Wslm. Ka tabbata ka ɗaure bawul ɗin sauka sosai? Murɗa sandar hannun dama har sai ta tsaya. Sau da yawa abin ke nan kawai.

Dan_Rikkos: Na ɗaure ɗan uwa, har na ji tsoron kar in karya wani abu.

MaiFaci_BauchiRoad: Mai ne ya ƙare mishi. Buɗe robar saman nan ka tsiyaya man birki kaɗan zai tashi, mu haka muke yi in muna sauri.

Oga_Dilimi: Don girman Allah @Dan_Rikkos kar ka zuba man birki. Mai faci ka yi haƙuri ba raini ba ne, amma wannan shawarar ita ta kashe jak da yawa da ake kawo mana. Man birki irin DOT 3 da DOT 4 ba daga jinsin man haidirolik yake ba, robobin da ke cikin jak an yi su ne don man haidirolik, da man birki ya taɓa su sai su kumbura su yi laushi daga baya su dagargaje. Ga shi yana shan ruwa daga iska, ya sa tsatsa a ciki. Ranar da ka zuba zai tashi ka ji daɗi, bayan ɗan lokaci ka zo kana neman sil, wato robar da ke tare mai a ciki.

MaiFaci_BauchiRoad: Oga ni dai na sha yi kuma jak ɗina yana nan yana aiki.

Oga_Dilimi: Yana aiki, amma ka faɗa ma jama'a gaskiya sau nawa ka canza mishi roba. Mu bar wannan tukuna. Ɗan Rikkos amsa min abu biyu. In kana danna sandar, kana jin tana da laushi tana lotsawa kamar ba komai a ƙarƙashinta, ko tana da nauyi amma motar ba ta tashi? Na biyu, in ka danna ƙasa ka saki, sandar tana tasowa da kanta? Jak sandarshi ce ke faɗa maka ciwonshi, kafin ka kwance noti ko ɗaya sai ka saurare ta.

Dan_Rikkos: Oga laushi gare ta, rabin hanya ba na jin komai sai can ƙasa take ɗan yin nauyi. Ba ta tasowa da kanta.

Oga_Dilimi: To wannan ko iska ce ta shiga ko mai ya yi ƙasa, ko duka biyun, kuma jinginawar da ka yi mishi a tsaye tana iya jawo haka, irin wannan jak a kwance kan tayoyinshi ake ajiye shi. Ga abin da za ka yi. Janye shi daga ƙarƙashin mota ka sa shi a daben da yake daidai ba gangare ba, ka buɗe bawul ya sauka ƙasa gaba ɗaya. Cire farantin ƙarfen da ke sama, za ka ga tankin mai da wani toshi na roba ko ɗan noti a bayanshi. Ka goge wurin tas da tsumma kafin ka buɗe, ƙwayar yashi ɗaya in ta faɗa ciki ta ishe ka aiki. Leƙa da tocilan waya, ya kamata man ya rufe silindar da ke ciki ya tsaya ƙasa da bakin ramin kaɗan. In bai kai ba ka ƙara man haidirolik, wanda aka rubuta 32 a jiki ya yi. Kar ka cika shi maƙil, yana buƙatar ɗan fili. Daga nan toshin na buɗe, bawul na buɗe, ka buga sandar da sauri sau 10 zuwa 15, za ka ga kumfa tana tasowa ta ramin. Maida toshi, ɗaure bawul, gwada. In bai yi ba maimaita, wani lokacin iskar ba ta fita a karo ɗaya.

Hassan_Apo: Daga Abuja nake bin ku. Abin da Oga ya faɗa shi ne, mu ma nan Apo haka muke fara wa. Abu ɗaya zan ƙara, ka duba ƙasan sandar inda take haɗuwa da bawul. Wasu jak ɗin haƙoran giya biyu ne a wurin, wasu kuma ɗan gwiwa ne mai juyawa. In haƙoran sun cinye ko fin ɗin ya fita, kai kana murɗa sanda a sama kana cewa ka ɗaure, alhali bawul ɗin a ƙasa bai motsa ba. Ka sa wani ya murɗa kai kuma ka tsuguna ka kalla da idonka.

Malam_Fasaha: Bari in ɗan yi bayanin dalilin da ya sa iska ke hana shi ɗagawa, don wanda ya gane wannan ba zai riƙa kwance jak a makance ba. Fiston biyu ne a ciki, ƙarami wanda sanda ke dannawa da babba wanda ke tura hannun jak sama. Ƙa'idar da wani Bafaranshe Blaise Pascal ya bayyana tun shekarun 1600 ita ce in ka matsa ruwa a cikin rufaffen wuri, matsin yana isa ko'ina daidai wa daida. In fuskar babban fiston ta ninka ta ƙaramin sau 10, ƙarfin da ka sa zai ninku sau 10, ga kuma tsawon sandar da ke ƙara maka wani ƙarfin. Duk wannan yana yiwuwa ne saboda mai ba ya matsuwa. Iska kuwa tana matsuwa, kana dannawa tana tsukewa kana saki tana buɗewa, ƙarfinka duk a kanta yake ƙarewa. Shi ya sa in ba nauyi yake tashi, da nauyi ya hau sai ya tsaya. Sannan akwai ƙananan ƙwallayen ƙarfe guda biyu da ke aikin ƙofa, ɗaya tana barin mai ya shigo daga tanki ba ya komawa, ɗaya tana barinshi ya wuce babbar silinda ba ya dawowa. Kamar dai famfon tuƙa-tuƙa na unguwa, in bawul ɗin ƙasa ya lalace sai ka yi ta tuƙi ruwa na komawa rijiya.

Sadiq_Gangare: Malam Allah ya ƙara ilimi, yau na gane abin.

Baban_Ilham: Ni tambayata ita ce me maƙwabcin ya ɗaga da shi? Don mutane sai su ari jak ɗin ƙaramar mota su je su sa ma Daina cike da dankali.

Dan_Rikkos: Wlh ban tambaye shi ba, Golf gare shi. Zan tambaya in ya dawo kasuwa.

Baban_Ilham: Ka tambaya. Ni shi ya sa na daina bada aron jak da batir, in mutum na so in je da kaina in ɗaga mishi in dawo da abuna. Ba rowa ba ce, wanda bai sayi abu ba bai san zafinshi ba, a dawo maka da shi a lalace kuma ka yi magana a ce ka cika ƙorafi.

Ummu_Sultan: Haba Baban Ilham, maƙwabtaka fa ta wuce jak. Yau kai ne da shi gobe kai ne a bakin titi da faci cikin dare. A dai riƙa gaya wa mai aro yadda ake amfani da shi. Ni kuma tunda ana maganar ina da tambaya, na cikin but ɗin motata wanda ake murɗawa da hannu ya yi tauri sosai sai na nemi yara su taya ni, shi ma mai ake zuba mishi?

Hassan_Apo: Hajiya naki ba na mai ba ne, dogon zaren ƙarfe ne kawai. A wanke zaren da buroshi da ɗan kananzir a cire ƙasa da tsatsa, a shafa giris. In zaren ya cinye ko ƙarfen ya lanƙwashe a canza shi kawai, ba a gyaran wannan.

Ummu_Sultan: Na gode ƙwarai, Allah ya saka.

Dan_Farin_Gada: Ku dawo kan maganar mai. Oga ka ce haidirolik 32, to ba kowa zai samu a kusa ba, kuma wasu shagunan galan suke sayarwa alhali abin da jak zai sha bai kai rabin lita ba. Mu a gareji jan man giya na otomatik muke sa wa, irin wanda ake zuba ma sitiyari, shekara da shekaru ba matsala.

Oga_Dilimi: Jan mai ya fi man birki nesa ba kusa ba, in mutum ya matsu zai yi aiki, ban musa ba. Amma masu ƙera jak da yawa a takardarsu man jak kawai suka yarda da shi, ni kuma tunda ana samun na awo a kwalba nan kasuwar kayan mota ta Dilimi a Jos ban ga dalilin canji ba. Wanda ban yarda da shi ba bayan man birki shi ne baƙin mai na inji, musamman wanda aka juye daga mota, ya yi kauri ga datti. Ku da kuka san sanyin Jos a Disamba da Janairu, da asuba baƙin mai ko zuba ba ya son yi, ina zai bi ta ɗan ramin da bai fi kan ashana ba.

Dan_Farin_Gada: Wannan gsky ne, lokacin hunturu ko mai kyau ne sai ka ji jak ya yi nauyi da safe.

Kabiru_Tipper: Ni shawarata ka duba gefen jak ɗin akwai wani sukuru da aka rufe da hula ta roba, ka ɗaure shi kaɗan zai ƙara ƙarfi. Wani yaro ya yi ma namu jak ɗin, irin na tsaye mai kama da kwalba, haka ya tashi.

Oga_Dilimi: A'a Kabiru, wannan sukurun shi ne ba a taɓawa. Bawul ɗin kariya ne, kamfani suka saita shi yadda in nauyi ya wuce ƙarfin jak sai ya saki mai ya koma tanki ya ƙi ɗagawa. In ka ɗaure shi ka cire wannan kariyar, jak zai ɗauki abin da ya fi ƙarfinshi har sil ya fashe ko hannun ya lanƙwashe da mota a sama. In ka sassauta kuma ba zai ƙara ɗaga komai ba, kuma mayar da shi daidai sai da gejin matsi. Mutane da yawa ɗaukarshi suke wurin zuba mai ne su kwance, sifirin da ƙwallo su yi tsalle su ɓace a ƙasa. Sienna duka nauyinta wajen tan 2 ne, shi kuma kusurwa ɗaya kawai yake ɗagawa, jak tan 3 mai lafiya ba ya buƙatar a ƙara mishi komai.

Kabiru_Tipper: To Oga na ji, ban san haka abin yake ba.

Alhaji_Bukuru: Ina karanta ku tun ɗazu, akwai abin da ban ga an faɗa ba kuma ya fi duk wannan muhimmanci. Ɗana, ko ya gyaru kar ka kuskura ka sa kanka ko hannunka a ƙarƙashin mota jak kaɗai ne ya riƙe ta. Na ga wannan da idona a wani gareji, yaro yana kwance yana kwance salansa, jak ɗin yana sauka a hankali ba wanda ya lura, sai ihunshi muka ji. Allah ya sa akwai mutane kusa aka taru aka ɗaga motar, ya rayu amma ƙirjinshi ya daɗe yana jinya. Abin da ke riƙe da motar nan wata 'yar roba ce da ɗan ƙwallon ƙarfe. Ka nemi ƙafafun ƙarfe na tokare mota, in babu ka sa gungumen katako mai kauri a kwance, kasuwar Katako ba nisa gare ka ba. Bulo na siminti kuma a'a, farfashewa yake lokaci ɗaya ba gargaɗi. Ka ja birkin hannu, ka sa dutse ko weji a tayoyin da ke ƙasa, tayar da ka cire ka tura ta ƙarƙashin motar.

Sadiq_Gangare: Allah ya kiyaye. Baba wannan magana taka a rubuta ta a bangon kowane gareji.

Dan_Rikkos: Amin Baba, na gode, in sha Allahu zan kiyaye. Jama'a ga inda ake. Na duba haƙoran ƙasan sanda yadda Hassan ya ce, lafiyarsu lau suna juya bawul. Na buɗe toshin, man ya yi ƙasa har ina ganin bayan silinda a fili. Na samo haidirolik na ƙara, na buga yadda Oga ya ce, kumfa ta yi ta fitowa har da ɗan ƙara. Yanzu ya ɗaga motar alhamdulillah. Amma akwai sabon abu, in na danna na saki sai sandar ta riƙa biyo hannuna sama da kanta, motar kuma tana sauka a hankali, kafin in kwance notin taya biyu tayar ta kusa taɓa ƙasa.

Oga_Dilimi: Yauwa, iska ta fita yanzu ainihin ciwon ya fito. Sanda tana tasowa da kanta da nauyi a sama, wannan ƙwallon da ke tsakanin famfo da babbar silinda ce ba ta zama daidai a gurbinta, man da ka tura yana dawowa ya ɗago ƙaramin fiston. Ko datti ya maƙale ko tsatsa ta ci gurbin. Ka yi hankali da sandar, tana iya tasowa da ƙarfi ta bugi haɓarka, kar ka sa fuska a saitinta.

Hassan_Apo: Oga ni ina ganin sil ɗin babban fiston ma ya tafi. In ya cinye mai yana zagayawa ta gefenshi ya koma tanki a ciki, shi ya sa ba ka ganin yoyo a ƙasa amma mota na sauka. Kuma man da ya yi ƙasa ina ya je? Ɗan Rikkos ka ɗaga shi ba nauyi ka shafa yatsa a jikin sandar fiston ɗin da kuma wuyan ƙaramin famfon, ka gani ko da danshi.

Oga_Dilimi: Zai yiwu duka biyun ne, amma sil kaɗai ba ya ɗago sanda. A fara da mai sauƙi.

Dan_Rikkos: Hassan akwai danshi a wuyan ƙaramin famfon, ƙura ta manne a wurin ta yi baƙi. Sannan maƙwabcin ya dawo na tambaye shi cikin lalama, ya ce Golf ɗinshi kawai ya ɗaga, amma da ya ga yana wahalar tashi yaron da ke taya shi ya ɗan zuba mishi mai daga wata ƙaramar roba da ke but. Bai san ko wane iri ba ne.

Baban_Ilham: Kun ji ko. Ƙaramar roba a but ai man birki ne.

Ummu_Sultan: Ai da niyyar gyara suka yi, kuma ya faɗi gaskiya da aka tambaye shi, wani da rantsuwa zai yi.

Malam_Fasaha: Ba sai an yi ta zato ba, ana iya gwadawa. Zuƙo man da sirinji daga can ƙasan tankin ka zuba a kwalba mai haske ka ajiye ta. Man birki ba ya haɗuwa da haidirolik, ya fi shi nauyi, zai kwanta a ƙasa ka ga layi tsakaninsu. Ko ka ɗiga kaɗan a kofin ruwa, haidirolik zai taso sama ya yi ido-ido, man birki kuma narkewa zai yi ya bi ruwan.

Dan_Rikkos: Malam na yi na kwalbar. Ya rabu biyu, na sama ruwan zuma na ƙasa kuma wani duhu-duhu da ɗan baƙin gari a ciki kamar gogaggiyar roba.

Oga_Dilimi: To ka daina amfani da shi daga yanzu. Juye man nan duka, har wanda ka saya yau, ka zuba sabo kaɗan ka buga ka sake juyewa har sai ya fito garau. Kar ka wanke cikin da fetur. Baƙin garin nan roba ce ta fara ci, kuma ƙila shi ne ya maƙale a ƙarƙashin ƙwallon. In za ka buɗe wurin ƙwallayen ka shimfiɗa farin tsumma, ka ɗauki hoto a kowane mataki, ka ciro su da ɗan maganaɗisu, don girmansu ba ɗaya ba ne kuma in ka juya jerin ba zai yi aiki ba sam. Mu in gurbin ya ɗan ci mukan sa sabuwar ƙwallo mu ɗora ɗan ƙarfe a kai mu buga sau ɗaya a hankali ta zauna, amma wannan in hannunka bai saba ba ka bar ma mai yi.

MaiFaci_BauchiRoad: Ni har yanzu ina ganin man birki na kwana biyu ba zai cinye roba haka ba, jak ɗin dama ya tsufa ne. Tun kafin a zuba ai yana wahalar tashi, maƙwabcin ma ya faɗa.

Hassan_Apo: Nan kam mai faci yana da magana, yoyon wuyan famfo ba jiya ya fara ba. Amma ko ma wanne ne ya fara, robobin sai an canza.

Dan_Farin_Gada: Ni fa in ɗan Cana ne mara suna ban ga amfanin wahalar ba, kuɗin sil da mai da na aiki ka haɗa ka cika ka ɗauki na Beljiyam mai nauyi.

Oga_Dilimi: Na Beljiyam ɗin ma da tsohuwar roba yake zuwa, wasu sun shekara a ajiye. In jikin silinda bai yi zane ba kuma fiston bai yi tsatsa ba, canjin roba ya wadatar ko ɗan ina ne. In ya yi zane mai kama farce to nan ne zan ce a haƙura, sabon sil ma yanka shi zai yi.

Dan_Rikkos: Na gode muku duka wlh. Na juye man na bar shi yana tsiyaya, motar kuma na canza tayar da ƙaramin jak ɗinta na sa katako yadda Baba ya ce. Asabar zan shigo Dilimi da shi. Oga robobin da lambar jak ake nema ko yaya?

Oga_Dilimi: In akwai lamba a jiki ka ɗauko hotonta, amma yawanci da awo ake haɗawa. Kar ka yar da tsofaffin ko sun yage, ka zo da su da fiston ɗin kanshi, don wadda ta sha man birki ta kumbura awonta zai yi ƙarya, a jikin ƙarfen za a auna.

Kabiru_Tipper: Oga namu na kwalba da yaron nan ya ɗaure ma sukuru fa, in kawo shi shi ma a duba?

Oga_Dilimi: Kawo shi, kuma kafin nan kar a sa shi a ƙarƙashin tifa da lodi.